Tsaron Ruwa a Kan Fako

Abin nan ya faru bayan shekarar da ruwan sama ya ci katangar masallacinmu ta gabas, amma kafin a kafa famfon nan mai aiki da hasken rana a bakin kasuwar Gangara. Maigidana ya riga ya rasu, don na tuna na fita takaba har na koma ɗaura jan kallabi. Shekarar ce kuma tsutsa ta shiga zangarniyar gero, munka yi ta ɗaure dammai marasa nauyi. In wani ya ce muku wata shekara ce daban, ku bar shi da maganarsa. Ni rana ta gasa, ni na sani.

Ni 'yar Gobir ce. Daga wajen Tibiri anka kawo ni aure nan ƙasar Gazawa, kuma bayan akwati da tabarma, abin da na zo da shi shi ne sanin ruwa. Uwata ta koya mini cewa mace daga randarta ake gane ta. A binne rabin randa cikin yashi mai laima, a lungun da rana ba ta leƙawa, a turara ta, a jefa kajiji, a rufe da faifai, moɗa kuma a kife. Duk unguwarmu an san in baƙo mai daraja ya sauka gidan wani, gidana ake aikowa roƙon ruwa. Ban taɓa yin fahari da wannan ba, sai dai nakan faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni. A wurinmu babu abin kunya ga mace irin a shigo gidanta a iske ruwa a buɗe cikin rana. Ko a zagi, in an ce wance ruwanta a rana yake, an gama da ita.

Abu na biyu da na ɗauki kaina gwana a kai shi ne kafso, ja da rawayan nan da masu tallar magani ke ɗaukowa a faranti ranar kasuwa. Ina da gwangwani guda nasa. Ciwon ciki, in fasa ɗaya cikin koko. Kaza ta yi laushi, in fasa cikin kaskon ruwansu. Akuya ta yi zawo, ita biyu. Mata har tambayata suke yi, ina ba su amsa kamar wadda ta yi lakol, makarantar boko.

To ina da jika, ɗiyar ɗana na biyu, wadda karatu ya kai ta babbar makaranta a Maraɗi. Da na tambaye ta me take karantawa, ta ce ruwa. Na ce da an tambaye ni da ba a yi wahalar mota ba. A farkon damina ta zo ta bi bayan ɗakuna tana tsintar tsingaro, fasassun tukwane da ko kaji ba su kula su, ta cika jaka ta tafi da su. Na ce wa ubanta ya sa ido a kanta, karatu yakan taɓa kai.

Bayan an yanke gero ta dawo da tsingaron nan, kowanne an shafe cikinsa da wani farin abu an gasa, an naɗe shi cikin takarda kamar ƙwai. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce maganin da muke sha, da wanda muke ɗura wa kaji da awaki da shanu, ba duka yake ƙarewa a ciki ba. Saura yana fita da fitsari da kashi, ruwan sama ya kwashe shi ya kai tabki. Ƙwayoyin cuta da ke cikin tabkin su yi ta lasarsa kaɗan-kaɗan har su saba, yadda ɗan mai sayar da yaji ba ya jin barkono. Ranar da irinsu sunka shiga cikin mutum, a ba shi kafso, ko gezau. Na ce a jefa alif mana, ruwa ya kwanta. Ta ce alif laka yake kwantarwa, wannan kuwa ido ba ya ganinsa. Farin da ke jikin tsingaron, in ji ta, shi ba ya narkewa, amma in rana ta doke shi sai ya farka ya rinƙa kakkarya maganin da ke cikin ruwa. A inuwa barci yake yi.

Na ji duk wannan, kada a ce ba a faɗa mini ba. Amma na ji shi ne yadda ake jin rediyon maƙwabci. Ina gyaɗa kai, zuciyata na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Abin da na riƙe sosai shi ne wannan: tsingaron da malaminta ya gasa mata su ke nan, babu wasu, kuma dole ta gwada su da ruwan tabkinmu kafin ya ƙafe, ta kai sakamako gaban malamanta. In ta rasa, sai ta jira wata damina, shekara guda ta tafi, 'yan ajinsu su wuce su bar ta. Tabkin kuwa ya riga ya fara ja da baya, kullum bakinsa na ƙara faɗi.

Ta ɗebo ruwan a bido, jarkar nan ta roba, ta tace, ta jera tasoshi marasa zurfi a tsakar gidana. Wasu da tsingaro a ciki, wasu babu. Guda ɗaya ta kai ɗaki ta rufe, ta ce wannan don a gwada da sauran ne. Na ce a raina, to ko ba komai an samu mai tarbiyya ɗaya a cikinsu. Da hantsi anka kira ta a salula cewa ƙananan kwalaben da take jira sun iso tashar Gazawa, sai ta je da kanta. Tana ɗaura mayafi tana cewa, "Kaka, don Allah kada a taɓa." Na ce wa zai taɓa, ga ni zaune.

Ba ta yi nisa ba maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta ce ta ga kakar yarinyar ta wajen uwa ta sauka daga mota a bakin kasuwa, tana gaisawa da mutane, nan ta nufo.

Sai na faɗa muku wace ce wannan. Mutuniyar Cadakori ce, doguwa, mai magana a hankali. Ba mu taɓa faɗa ba. Amma ranar sunan yarinyar nan, ina kallo, ta ɗauki moɗata ta sa yatsa ta shafa cikinta, ta duba yatsan, ta ajiye. Ba ta ce komai ba. Da ta ce wani abu da na rama na huta. Shekara da shekaru ina ɗauke da yatsan nan.

Na juya na dubi tsakar gidana da idonta. Ruwa a buɗe, ba tasa ɗaya ba, cikin rana tsaka. Kaji na zagayawa. A ƙasan ruwan ga fasassun tukwane da wani fari-fari a jikinsu kamar kashin tantabara. Gidan wa? Gidana, ni da ake aikowa roƙon ruwa.

An ce kada a taɓa, kuma har yau ina cewa ban taɓa ba, gyarawa na yi. Na haɗa ruwan duka cikin bokiti ɗaya, har da na ɗaki, na sake tace shi da sabon ƙyalle, na juye a tulu, na kai inuwa na rufe da faifai. Tsingaron na zauna musu da toka da yashi da soso. Farin nan taurin kai gare shi, sai da na haɗa gumi, amma ban bar shi ba sai da jar ƙasa ta fito fes. Na kife tasoshi, na yi shara, na canja zane. Ko amarya ba ta fi ni sauri ba ran nan.

Ta Cadakori ta yi sallama, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata ruwan randata. Ta sha, ta sauke moɗa, ta ce, "Ruwa." Shi ke nan abin da ta ce, amma ni na san na ci. Muna cikin gaisuwar mutanen gida da tambayar amfanin gona, yarinyar ta shigo da kwali a hannu. Ta tsaya.

"Kaka, ina tasoshina?"

"Ga su can a kife, sun bushe. Ruwanki na cikin tulu, je ki taɓa ki ji, har ya fara sanyi."

Ta je inda na jera tsingaron, ta ɗauki ɗaya, ta juya shi gaba da baya.

"Da me kika wanke?"

"Toka da yashi. Da ƙyar ya fita. Malamanku dai ba su san wanki ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta durƙusa ta gaida ɗayar kakarta yadda ya kamata, ta tambayi kowa da kowa na Cadakori, sannan ta koma ta zauna kan turmi da tsingaron a hannu. Ta zauna har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Na so a ce zagina ta yi. Yarinyar da tun tana rarrafe take ja mini kallabi, take ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe, ran nan ko dubana ba ta yi ba. A lokacin ne bayanin da ta yi mini ya dawo kunnena ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki da yamma.

Ta Cadakori ta tambayi abin da ya faru, na faɗa mata da bakina, don ban so ta ji a bakin maƙwabta da ƙari. Ta ce ita ma da haka za ta yi, sai dai ita da sabulu za ta wanke. Ban san ko taimakona ta yi ko soka ba. Na karɓa a matsayin duka biyun.

Bayan magariba yarinyar ta ce za ta kira malaminta ta ce masa shekarar ta lalace. Na tambaya ko babu saura ko ɗaya. Ta ce akwai 'yan kaɗan a gindin jaka, waɗanda ta ware don bakinsu ya ɗan gutsure, amma da ƙyar su isa, kuma ruwan da ta ɗebo na riga na dama shi. Na ce ba za a kira kowa ba sai mun ga tabki da ido.

Da safe munka tafi mu uku. Tabkin da muke wanki a bakinsa da damina ya koma ɗan abu a tsakiya, kewaye da taɓo, shanu sun tattake ko'ina. Yarinyar ta ce ita za ta shiga. Na ce ni na ɓata, ni zan ɗebo. Na tattare zane na shiga, taɓo ya kama ni har gwiwa, takalmina ɗaya yana can har yau. Wani Bafulatani da ke shayar da shanunsa ya dube ni da tausayi, ya ce, Inna, rijiyar gari ta ƙafe ne? Na ce masa a'a, aikin karatu ne. Ya dubi taɓon da ke jikina, ya kaɗa shanunsa gaba.

To da yake tsingaron kaɗan ne, yarinyar ta ce dole su sha rana tun fitowarta har faɗuwa, kada inuwa ta taɓa su. Tsakar gidana ba za ta yi ba, ga katanga ga bedin da na shuka da hannuna, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro. Wuri ɗaya ne babu inuwa ko ta tsinke, wato fakon da ke bayan gari, kusa da inda mata ke sussuka, kan hanyar kasuwa. Duk wanda zai shiga gari ko zai fita sai ya bi ta nan. Can munka jera tasoshi, ɗaya kuma ta sake kai ɗaki ta rufe.

Ita aikinta ta rinƙa zuƙo ruwa kaɗan da sirinji lokaci-lokaci, ta zuba a kwalba, ta ruga gida ta binne cikin yashin gindin randa don kada zafi ya taɓa. In ta tafi, sai wani ya tsare tasoshi daga awaki da kaji da tsuntsaye. Kowa na gona wajen wake da gyaɗa. Saura ni.

Na ɗauko malfar marigayi na kifa bisa kallabi, na riƙe kara, na zauna. Ba a yarda in kawo lema kusa ba. Inuwata ma an kafa mata doka, kada ta faɗa kan tasa, don haka rana na juyawa ina juyawa, ina jan gindi a ƙasa kamar mai koyon rarrafe. Ni da na yi rayuwata ina gudu da ruwa daga rana, ga ni ina gudu da inuwa daga ruwa.

Matan masussuka ba su ɓata lokaci ba. Ɗaya ta ɗago daga turmi ta ce, ta Gobir, kuɓewa muka sani ana shanyawa, yau ruwa ne? Wata ta ce a bar ni, dabara ce, in ya bushe zan zuba a rumbu in ajiye don rani. Mai ƙosai ta aiko tambaya ko daga yau in baƙo ya zo nan za a aiko roƙon ruwa. Na ce musu aikin likitoci ne, ba kowane kai ke ɗauka ba. Na faɗa da ƙarfi, amma malfa ta yi mini yawa, tana rufe mini ido, sai maganar ta rasa kwarjini.

Ran farko ta Cadakori can ta zauna gindin gawo da lemarta tana kallo. Washegari sai ga ta, ba lema, ta shimfiɗa buhu kusa da ni ta zauna. Na ce ta koma inuwa, ita baƙuwa ce. Ta ce jikar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma ba za a je Cadakori a ce kaka ɗaya ce ta sha rana ba. Daga nan abin ya koma gasa. Ba wadda ke son ta fara cewa wash. In ta kori akuya ɗaya, sai na tashi na kori biyu, ko da ba su nufo mu ba. Ruwan da munka zo da shi daga randata ya yi zafi kamar na wanka, munka sha shi haka nan, muna kallon gabas.

Rana ɗaya hadari ya taso daga gabas. Masu wake suna ta murna, suna roƙon Allah ya ba da na ƙarshe. Ni kuwa, da tun ina yarinya ban taɓa ganin girgije ban yi masa maraba ba, na sunkuyar da kai ƙarƙashin malfa ina roƙon ya wuce. Na saci kallon ta Cadakori, na ga leɓenta na motsi. Ban tambaye ta wane ɓangare take ba. Hadarin ya tsaya ya rufe rana ɗan lokaci, yarinyar tana tsaye ta ɗora hannu a ka, sannan iska ta kore shi yamma. Allah ya yafe mini waken mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan bai canja ba. Yadda munka zuba shi haka yake, sai dai raguwa. Na ce mata, 'yar nan, ina aikin da farin ya yi? Ta ce na'ura ce za ta gani a Maraɗi. Na ce wato na ƙone ne don abin da ba zan gani ba. A nan ta yi dariya, karo na farko tun ranar wanki, ta gyara mini malfa ta ce, "Tsohuwa, ai kin ga toka da yashi, sun isa."

Da ta gama ta naɗe kwalaben cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, ta sa a kwando, ta hau mota. Gwangwanin kafsona ma ta tafi da shi, ba ta nemi izini ba, ni kuma ba ni da bakin hanawa. Ta Cadakori ta koma gida da fuska baƙi ƙirin, har 'ya'yanta sunka aiko tambaya ko noma na sa ta. Ba a jima ba tabkin ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage. In an ce a sake, babu abin sakewa. Kullum in ɗana ya shigo gaishe ni sai in dubi aljihunsa inda salula take, in yi kamar ba ita nake duba ba.

Ranar da yarinyar ta kira, ya kara mini a kunne. Ta ce tasoshin da ke da tsingaro maganin ya ragu sosai a cikinsu, waɗanda babu tsingaro kaɗan ya ragu, na ɗaki kuwa yana nan kusan yadda yake. Ta ce bai fita duka ba, kada in ce wa mutane su sha, aiki na gaba da yawa. Na ce ba wannan na tambaya ba, shekarar fa? Ta ce malamai sun yi ƙorafi cewa gwajin ya yi kaɗan, sunka tambayi ina sauran tsingaron. Na ce me kika ce musu?

"Na ce tsabta ce ta afka musu."

Sun bar ta ta wuce tare da 'yan ajinsu. Na miƙa wa ɗana salularsa, na shiga ɗaki na ɗan jima, don ba na son yara su ga fuskata a wasu lokuta. Da na fito na aika masussuka a faɗa musu ruwan da sunka yi wa dariya ya ci jarrabawa a Maraɗi. Mai ƙosai ta aiko da barka, ta ce a gaida malfa.

Ta Cadakori ta rasu shekarar da anka kafa famfo, na je gaisuwa na kwana biyu a ɗakinta, Allah ya jiƙanta. Maƙwabciyar da ta leƙo ta katanga ita ma ta tafi. Cikin matan masussuka da sunka yi mini ba'a, wadda ta yi maganar rumbu tana Gidan Rumji wajen ɗiyarta, an ce ƙafa ta hana ta fita. Mai ƙosai tana nan, ido ya tafi amma baki bai tafi ba. Bafulatanin ban sake ganinsa ba, ban san ko yana raye ba. Ɗana yana nan, furfura ta fara masa. Yarinyar tana Maraɗi da ɗanta a goye, har yanzu ruwa take karantawa. Sai ni, da sauran haƙora huɗu.